Ɗalibar Baba a Cikin Kwalbar Alawa

Ko zan manta komai na shekarun da aka gina madatsar ruwan Bakolori, ba zan taɓa manta macen gizo-gizon da Babanmu ya yi kiwo ba. Malami ne a wani ƙauye kusa da Maradun, kuma ba a kashe gizo-gizo a gidansa, don yakan ce danginsa ne suka yi saƙa a bakin kogo suka ɓoye Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Ita wannan 'yar mitsitsiya ce, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ba ta kafa yana, tsalle take ta cafke ƙuda. Tana da manyan idanu biyu a gaba, in Baba ya matso sai ta juyo ta zuba masa su. Ya sa ta a kwalbar alawa, ya jefa mata guntun kara, ya ɗaure bakin da ƙyalle. Ɗalibarsa yake kiranta, wai ta fi mu sauraro. Dattijo da farin gemu yana farautar ƙudaje da hula a zaure, wallahi har yau in na tuna sai na yi dariya.

Inna kuwa ba ta ga abin dariya ba. "Malam, wanga abu tautau na, in ya taɓa jikin ɗiya sai ƙuraje!"

Baba ya ce, "Yaushe kinka ga tautau shina kallon mutum cikin ido?"

Ana nan aka ce ruwa zai ci garinmu, kowa ya tashi. Lokacin ina aure a Talata Mafara, na zo taya su kwashe kaya. A cikin mota Baba ya rungume kwalbar nan a cinya, bai ko waiwayi gidan da aka haife shi ba.

A sabon matsuguni sai ya canza. Ya daina ba da karatu, tuwo ma sai an yi da gaske yake taɓawa. Ita ma ɗalibar ta naɗe kanta cikin wani farin abu kamar auduga a jikin karan, ta ƙi fitowa. Inna ta ce ta mutu, a wanke kwalbar a zuba gishiri. Baba ya ce a hankali, "Ku bar ta. Ita ma ba ta son wurin ga." Nan na gane da kansa yake. Na ji tsoron ranar da aka tabbatar ta mutu shi ma zai sallama, shi ya sa na ƙi komawa ɗakina. Kullum ina jiƙa auduga da ruwa in sa mata a kwalbar don ta sha, kamar yadda yake yi a da, ina addu'a a raina.

Wata safiya ina shara na ji ya ƙwala mini kira da muryar da na daɗe ban ji ba. Na ruga na tarar ya ɗaga kwalbar a rana. 'Ya'ya ne birjik, ƙanana kamar gero, suna tsalle a jikin karan, uwar tana tsaye a kansu ta rame. Ashe ƙwai take gadi!

Baba ya yi dariya har da hawaye. "Kun gani? Mu muna ta kukan gida, ita ta riga ta haihu nan." Ya kwance ƙyallen ya ajiye kwalbar a gindin bango, suka watsu cikin sabon zaure. Sannan ya dubi Inna ya ce, "Akwai sauran kunu? A kuma hwaɗa ma yara su ɗauko allunansu."

Inna ta wanke kwalbar, amma har ta rasu ba ta zuba mata gishiri ba. Allah Ya jiƙansu duka. Tun ranar na koyi kada in yi saurin yanke ƙauna ga wanda ya shige ɗaki ya yi shiru. A bar masa ruwa a ƙofa, a yi haƙuri da shi har ya fito.