Yumɓun da Ya Ƙi Ƙarewa

Jiya 'yata ta dawo daga wani shago da 'yar kwalba, wai yumɓu ne na gyaran fuska, yana zuƙe dattin fata ya tsuke ƙofofin gashi. Tana buɗewa ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancina, sai da na nemi wuri na zauna. Kada ku yi mini dariya. Ni wannan ƙamshin kakata yake tuna mini, da wani laifi da na yi mata.

Kaka tukwane take ginawa a ƙauyenmu. Ciwon ƙafa ne ya sa Baba ya ɗauko ta ya kawo ta birni, unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, inda muke hayar ɗaki biyu, don ta kusanci asibiti. Matar da ta saba da tsakar gida mai faɗi, sai ga ta a ɗan ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon katangar maƙwabta. Mai gidan kuma ya ce ba za a gasa masa tukunya a gida ba. Abin da ya rage mata na sana'arta shi ne rabin buhun yumɓu da ta nace sai an saka mata a mota.

Lokacin ina shekara goma sha uku, ƙuraje sun cika mini fuska kamar an watsa gero. Har Islamiyya na so in daina zuwa saboda tsiyar 'yan ajinmu. Da Kaka ta rasa tukunyar ginawa, sai ta juyo kaina. Bayan la'asar za ta daka yumɓun, ta tankaɗe, ta kwaɓa da ruwan randa, ta shafe mini fuska da babban yatsa yadda take gyara bakin tulu. Dokarta ɗaya ce: ba magana, ba dariya, sai ya bushe. Farko sanyi ne mai daɗi. Can sai ya fara kama fata, ya ja gefen ido, ya ɗaure baki, hanci na ƙaiƙayi ba halin sosawa. Ina jin 'yan acaɓa na wucewa a waje, ni kuwa ina zaune cikin zafin bazara kamar gunki. Amma ƙurajen sun fara mutuwa.

Kullum maganarta ta komawa gida ce. Baba direba ne, bai cika zama ba, kuma ba ya son ta yi nisa da likita. Da ta dame shi sai ya ce, "Inna, ranar da yumɓun nan ya ƙare, ni da kaina zan kai ki ki haƙo wani." Ta riƙe maganar nan da hannu biyu. Daga ranar ta ƙara kaurin abin da take shafa mini, har wuya take haɗawa.

Ni kuma na san in ta tafi ba za ta dawo ba. Ina son ta, wannan gaskiya ne, amma ba zan ɓoye muku ba, fuskata na fi tunani. Sai na fara sayo farar ƙasa a kasuwar Tarauni, in daka ta a ɓoye, in gauraya da toka don ta yi duhu, in juye a buhun idan an kai Kaka asibiti. Damina ta zo ta wuce. Baba kan leƙa buhun ya ce, "Ai da saura, Inna." Ita kuma ta ci gaba da shafa mini.

Wata ranar Alhamis ta shafa mini, ta jira sai da ya bushe ya ɗaure mini baki, sannan ta ce, "Jikalle, wannan ba yumɓun garinmu ba ne. Namu danƙo gare shi, wannan gari ne kawai. Tun ranar farko hannuna ya gaya mini." Ta goge yatsunta a zani. "Ban faɗa wa ubanki ba, don dukanki zai yi."

Na so in ce ta yafe mini, in ce gobe zan zubar. Amma na tuna dokar, kuma wallahi na ji daɗin samun wurin ɓuya. Na yi shiru, hawaye na jiƙa yumɓun. Ban sake ƙara komai a buhun ba, sai dai ƙafar ta riga ta ci ƙarfinta. Kafin buhun ya kai ƙasa ta daina tashi. A maƙabartar Tarauni aka binne ta, da saura kusan kwano biyu.

Yanzu ɗakin nan na Kaka ya zama shagon cajin waya, fuskata kuma sumul take, har tambayata ake yi me nake shafawa. Jiya 'yata ta matsa sai da ta shafa mini nata, ta ce, "Mama, minti goma, kada ki yi magana." Ina jin ya fara kama mini baki sai na fara ba ta labarin nan. Ta ce zai tsattsage. Na ce mata bari ya tsage.