Ƙulli Biyu a Bakin Rafin Iyaka

Ranar an kwana ana ruwa, gari ya waye a lumshe. An rufe ƙofar iyaka, mai son ƙetarawa sai ta rafi, rafin kuwa ya cika yana tafe da itatuwa.

Ga wani saurayi ya tsaya da babur a rumfar mai faci, siriri, idanu jajir. Tafin hannunsa duk kanta, da alama manomi ne, babur ɗin ma na aro. A bayansa tsohuwa ce tana numfashi da ƙyar, asibitin da ya fi kusa kuwa yana waccan ƙasar. Ya warware zane zai ɗaure ta a jikinsa kamar goyo.

"Zarge za ka yi, ɗan nan, kada ka ƙulle," in ji ta. "In mun faɗi, ka ja bakin zanen ka tsira. Ni na ci zamanina."

"To, Inna."

A kan idon mai faci ya yi ƙulli biyu, ya ƙara tamkewa da haƙori. Ya yi bisimilla, ya tura taya cikin ruwa.

Masu dawowa sun ce yana can ƙetare, a barandar asibiti, yana yi mata fifita.