Ƙasan Haƙarƙari

Jiya ina feɗe wani bijimin sa, na ciro hanta da ɗuminta daga ƙasan haƙarƙari, sai Baffa ya faɗo mini a rai. Kaka uku ke nan da rasuwarsa.

Mahauci ne, ɗan dambe kuma, amma bai taɓa kai wa kowa naushi a fuska ba. Sai ya sunkuya ya zuba hannun da ya ɗaure a ƙasan haƙarƙarin dama. Mutum ya yi tsaye jim kaɗan, sannan ya durƙusa a hankali. Ba jini, don haka ba shewa. Masu kalangun Kontagora ba su taɓa yi masa take ba.

Wata rana muna rataye nama na ce, "Baffa, daki fuska mana ko sau ɗaya, a san da kai."

Ya goge wuƙa a cinyarsa ya ce, "Da fuskar nan zai koma wurin 'ya'yansa. Ni faɗuwarsa kawai nake so."

Ranar sadakar arba'in wani tsoho ya zo a ƙafa daga Zugurma. Ya yi ta'aziyya, ya dafa kuiɓinsa ya ce, "Duk damina sai nan ya tuna mini da shi. Amma ga haƙorana, bai taɓa ko ɗaya ba." Sai hawaye.

Kirarin da Baffa ya samu ke nan, bai kuwa ji ba.

Allah ya haskaka fuskarsa, yadda ya bar wa mutane tasu.