Kujerar da Na Bari a Teburin Surukina

Surukina Bahaushe ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana dakon kaya a tashar jiragen ruwa ta Jidda, amma bai taɓa hawa benen jirgi ba. Can ƙasa ya sani, inda ake jibge buhunan shinkafa da siminti. Shi da bakinsa yake faɗa yana dariya, wai duk jirgin da ya shigo garin nan ya san cikinsa, fuskarsa ce dai bai taɓa gani ba. Rabonsa da tafiya a kan ruwa tun yana saurayi, lokacin da aka tsallako da su daga Sudan cikin kwalekwale, su da awaki a cunkushe.

Ni kuwa sabon zuwa ne. Daga Kano na zo da ɗan Turancina da takardar makaranta, na samu aikin rubutu a wani ofishin sayar da tikiti a unguwar Sharafiyya, ina sa riga mai guga ina jin kaina. Na auri 'yarsa, haifaffiyar unguwar Karantina, wadda Larabci ne harshen bakinta. Hausa kam tana ji tsaf, ko a bayan ɗaki ka yi gulmarta sai ta tsinta. Amma in ta tashi mayar da magana sai ta sa kai a inda ƙafa take. Ta taɓa kiran maƙwabciyarmu ta zo ta sha tuwo, aka yi mako ana tsokanarta. Dariya muka ɗauki abin, ni da ita duka.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin yanar ido ta kama tsohon, har ya zama sai dai ya gane mutum da murya. Aka ba da shawarar a kai shi Masar a yi masa aiki. Kafilina, wato Balaraben da takardar izinin zamana take hannunsa, ya yi mini kirki ya sama mana wuri a jirgin ruwa mai zuwa Suwes, kuma a ɗakunan sama na manya. Mu uku muka tafi, ni da matata da mahaifinta.

Wuri biyu ake cin abinci a jirgin. A ƙasa akwai abin da suke kira bufe: an jera tukwane a kan doguwar kanta, kowa ya ɗauki faranti ya ɗibi abin da ransa yake so, ya nemi inda zai raɓe. A sama kuwa akwai babban ɗakin cin abinci, tebura da fararen ƙyalle, kowane iyali da teburinsa da aka ware masa har ƙarshen tafiya, ana kawo maka abinci kala bayan kala kana zaune. Tikitinmu ya ba mu damar duk wanda muke so. Da na bayyana wa tsohon, bai yi wata-wata ba ya ce sama. Dama da wane idon zai zaɓi tukunya? Ban da haka ma, na ga yadda fuskarsa ta washe. Tun la'asar ya sa 'yarsa ta ciro masa babbar rigarsa ta Sallah daga ƙasan akwati, tana ta ƙamshin ajiya.

Sai da muka tsaya a bakin teburin, na ga kujeru uku suna kallon juna, sannan na farga. A inda na tashi, namiji ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Yayana ya taɓa kwana da yunwa a gidan surukansa, ga kaza a gabansa, don kawai tsohon gidan ya ƙi tashi daga zaure. Da irin wannan labarin aka raine mu, kuma da alfahari ake ba da shi. A Karantina abin bai taɓa tasowa ba, domin surukata takan aiko mini da tire ɗakin baƙi a ja mini ƙofa. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa shi tsohon ya daɗe da barin wannan al'ada a bayansa ba. Mutumin da ya yi shekaru yana sa hannu a faranti ɗaya da Yamalawa da Sudanawa a bakin tasha, kuma Allah bai ba shi ɗa namiji ba.

Na zauna a gefen kujera kamar mai jiran hukunci. Aka kawo romo. Tsohon ya kai hannu yana laluben cokali, sai ya ture kofi, ruwa ya malale a kan farin ƙyallen. Ya yi dariya, ya tattara cokulan da wuƙaƙen ya ture su gefe, ya naɗe hannun riga, ya ce wa mai hidimar teburin, wani Bamisire mai ƙaton gashin baki, ya kawo masa burodi ya tsoma. Daidai nan aka ajiye nawa kwanon a gabana. Tsohon ya juyo wajena ya ce, "Bismilla, Malam."

Na miƙe. Na ce na manta wani abu a ɗaki, na fita ban waiwaya ba.

Ba zan ɓoye ba, bufen nan ya yi mini daɗi. Babu wanda ya san ka, babu wanda ya damu da kai. Ma'aikata Misirawa masu komawa gida suna ta hayaniya, kowa ya tula faranti har yana zuba. Na ɗibi shinkafa da kifi, na koma na ƙaro kaza, na samu lungu kusa da taga na miƙe ƙafa. Ina ci ina yaba wa kaina, wai ga ɗan mutunci wanda Jidda ba ta lalata ba. Har ina tsara yadda zan ba da labarin in na je gida.

Da na koma ɗaki matata ta tare ni. "Esh fi? Lafiya? Me ya sa ka gudu ka bar mu?"

Na ce, "Kunyar Baba nake ji. In ya tambaya ki faɗa masa haka, zai gane."

Ta ɗaga kafaɗa ta ce halas, wato shi ke nan.

Washegari da safe na je na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a gajarce, fuskarsa na kallon bango. Na ɗauka jirin teku ne, har na ba shi shawarar ya tsotsi lemon tsami. Da rana na sake sulalewa ƙasa na cika cikina.

Bayan magariba ina cikin layin bufe da farantina a hannu, sai na hango wani tsoho can gaba yana bin kanta da lalube. Tsohuwar jallabiyar aiki ce a jikinsa, wadda wuyanta ya sile. Mutane suna ratse shi suna wucewa. Ya miƙa hannu zai dafa murfin wata tukunya mai tururi, sai a lokacin na gane shi. Na yi tsalle na riƙe masa hannun riga.

"Baba! Me ya sauko da kai nan? Kai kaɗai?"

Ya gane muryata. Ya janye hannunsa a hankali.

"Malam, hau sama ka ci da iyalinka," in ji shi. "Kai ka nemo wurin, kai ka san yadda ake zama a cikinsa. Ni ɗan dako ne, nan ma ya ishe ni har ya yi yawa."

Na ce, "Baba, ban gane ba."

"Da ka faɗa mini tun a gida, ai da na sa yarinyar nan ta koya mini riƙe cokalin. Ban zo don in ba ka kunya a gaban mutane ba."

Ban san lokacin da na ajiye farantin ba. Sai ga matata ta sauko da gudu tana haki, ashe ta shiga wanka ne ta fito ba ta gan shi ba. Na ja ta gefe na ce, "Me kika faɗa wa Baba jiya?"

"Abin da ka ce mana. Na ce, Abuya, wai kunya kake ba shi." Abuya take kiransa, irin na 'yan Jidda. Ta ƙara da cewa, "Ya ce in sake faɗa, na sake. Ya ce na tabbata? Na ce wallahi haka ya ce."

A wurinta duk ɗaya ne, kunya dai kunya ce. Da gurgun Larabcina na fahimtar da ita cewa wanda kake jin kunyarsa girmama shi kake yi, wanda ya ba ka kunya kuwa ya zubar maka da mutunci ne. Ta toshe baki da mayafi, idanunta suka kawo ruwa. Raina ya ɓaci, na so in yi mata faɗa, amma da wane bakin? Ni na san Hausarta, ni na ɗora mata saƙon, don ba na iya buɗe baki in faɗa masa da kaina.

Na koma wajensa na durƙusa a tsakiyar mutane, na yi ta bayani. Na kawo al'adar gida, na kawo labarin yayana da kazarsa, na ce kuskuren harshe ne. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Na ji, Malam. Babu komai." Na san irin wannan babu komai ɗin, ita ce wadda ake rufe magana da ita. Kuma me zai sa ya yarda? Ya zubar da ruwa, ya ture cokali, ya naɗe hannun riga, a daidai lokacin na tashi na fita. Sannan 'yarsa ta cikinsa ta rantse masa. Ya kwana da wannan, ya wuni da shi, ya ninke babbar rigarsa ya mayar akwati, ni kuwa ina ƙasa ina ƙarin kaza. Kunyar da na ji a durƙushen nan ba irin wadda nake taƙama da ita ba ce, ta gaske ce mai sa mutum ya so ƙasa ta tsage.

Na ga dai magana ba za ta gyara ba. Na ce, "Baba, yunwa nake ji, kuma na rantse ba zan ci komai a jirgin nan ba sai a teburinka."

Na ce wa matata ta je ta ɗauko rigar. A gindin matakala muka sa masa ita a kan jallabiyar, bai taimaka ba, bai kuma hana ba. Na kama hannunsa muka hau. Ranar na fara riƙe hannun nan, tafinsa kaushi kamar bayan buhu.

Mai gashin bakin ya ja mana kujeru. Na ce masa ya kwashe cokulan nan duka, ya zubo mana shinkafa da nama a babban faranti guda, ya kawo ruwan wanke hannu. Ya kalle ni, ya kalli teburan da ke kewaye, ya tafi ya kawo. Matata ta ja nata ƙaramin farantin gefe ta sunkuyar da kai.

Tsohon ya yi bismilla ya sa hannu. Ni ma na sa. Na dunƙula loma, na ɗago ta, ta tsaya a hanya. Wallahi hannuna ƙin zuwa baki ya yi. Ji nake kamar mahaifiyata da duk dangina suna tsaye a bayana suna kallo. Na mayar da lomar gefen faranti, na sake ɗauka.

"Malam," in ji shi, "ba na jin hannunka."

Na rufe ido na tura ta. Ban tauna ba, don kada ya ji ƙarar bakina, na haɗiye ta haka nan. Ta tsaya mini a maƙogwaro. Na shiga tari, hawaye na zuba, matata na miƙo mini ruwa, na teburin kusa suna leƙe. Babban mutum da gemunsa, ma'aikacin ofis, loma ɗaya ta gagare shi.

Tsohon ya tsayar da hannunsa a cikin farantin. Ya karkato kai wajena yana saurare, har tarin ya lafa, har ya ji yadda numfashina yake rawa. Can ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana, "Ikon Allah. Ashe har yanzu ana yi."

Sai ya dafa tebur, ya ɗan ɗaga, ya juya kujerarsa wajen taga har ya ba ni gefen kafaɗa.

"Ni dai teku na zo kallo," ya ce. "Na gaji da ganin ta daga ƙasa. Ku ci abincinku."

Duhu ya riga ya rufe, babu abin da ake gani a tagar sai hasken fitilun ɗakin, ga shi kuma idon ba ya gani. Haka muka cinye farantin nan, fuskarsa na wajen taga, yatsunsa na laluben tsokar nama suna turo ta gabana.