Ranar da Surukina Ya Taya Injina

Shekarun da na yi ina tuƙa bas tsakanin Birnin Kudu da Gwaram sun bar mini hali ɗaya: ina son kowane abu ya bi layinsa. Da na ajiye tuƙi sai na koma noman rani a wata fadama da na karɓa aro. Na sayi injin ban ruwa, na yi ta noman albasa da tumatir, har gwiwata ta fara gardama, mai fadamar kuma ya ce 'ya'yansa sun girma suna son wurin. Na mayar masa ba tare da ɓacin rai ba. Injin ya koma lungun zaure, na lulluɓe shi da buhu.

A bazarar wannan shekarar maganar rufi ta taso. Kwanon ɗakin maiɗakina ya tsufa, har a damunar da ta wuce baho da robobi take jerawa a tsakar ɗaki duk sanda hadari ya haɗo. Na kira kafinta ya hau ya duba, ya sauko ya ce faci ya ƙare, sai sabon kwano. Ba ni da abin sayarwa sai injin nan. In ya yi kuɗi, a rufe ɗaki kafin ruwa ya sauka. In bai yi ba, a sake fito da baho.

A lokacin mutane sun riga sun saba da ciniki ta waya. Akwai wani zaure da manoman yankinmu suka buɗe a waya, mutanen Birnin Kudu da Sara da Zandam har Basirka, inda ake tallan awaki da iri da taki. Maiɗakina ta riga ni sanin harkar, domin tana sayar da zannuwan gado da turaren wuta a zauren mata. Ta ce, "Malam, ɗauki hotonsa, ka rubuta kuɗinsa a ƙasa, ka ce ba ragi. Mai so ya zo, wanda ba ya so ya wuce. Ni haka nake yi, ban taɓa ciwon kai ba."

Ƙanena da ke sayar da kayan gyaran babur a Kano bai yarda ba. Ya ce, "Yaya, wannan ai cinikin zanin gado ne. Inji irin naka gwanjo ake masa. Ka fara da kuɗi kaɗan don mutane su taru, ka bar su su yi ta ture juna. Kai dai naɗe hannu ka kalla."

Na zauna na auna maganar biyu. Idan ka yanke farashi, ka san abin da za ka samu amma ba ka san yaushe ba. Idan ka yi gwanjo, ka san ranar amma ba ka san nawa ba. Ni kuwa rana nake nema, tunda damina ba ta jiran mai ciniki. Ban da haka, gwanjo yana da buɗewa, yana da rufewa, yana da ƙa'ida, kuma duk abin da ke da ƙa'ida yana burge ni. Na zaɓi gwanjo. Maiɗakina ta ce Allah ya sa alheri, ta ci gaba da tankaɗen garinta.

Na fara da wanke injin. Daga nan na canja masa baƙin mai, na goge fulogi, na tayar da shi a ƙofar gida ya yi ta ruri har maƙwabta suka leƙo. Sai na ɗauki hoto, na saka a zauren, na faɗi ƙa'ida da bakina: tayi a fili ake yi, ba a bi ta bayan gida, za a rufe bayan sallar la'asar ranar Juma'a, wanda tayinsa ya fi na kowa a lokacin, shi ke da inji. Na ƙara da cewa maganata ɗaya ce.

Abin ya fara da daɗi. Wani daga Basirka ya taya, wani matashin manomi daga Zandam ya ɗora, na Basirka ya sake ɗorawa. Waya tana ƙara ina murmushi. Tayi ya kai dubu talatin da biyar, injin kuwa ko a wurin dillali marar tausayi zai haura dubu tamanin, amma ban damu ba tunda tafiya ta miƙa.

Sai saƙon murya ya shigo. Na danna. Aka yi gyaran murya mai tsawo, aka yi sallama cikakkiya, aka gaida jama'a ɗaya bayan ɗaya. Tun daga gyaran muryar na miƙe tsaye ban sani ba. Surukina ne, mahaifin maiɗakina, dattijon da ke zaune a Sara. Ban san ɗansa ya aiko masa da babbar waya ba, balle in san an saka shi a zauren.

Ya ce, "Na ga injin yaron nan. Inji ne mai kyau. Na taya dubu arba'in."

Daga nan zauren ya yi tsit. Wanda ya yi magana sai dai ya ce, "Allah ya ƙara wa Baba lafiya." Wani ya ce, "Allah ya sanya albarka, Baba." Tayi kuwa ya tsaya cak. Ƙanena ya san gwanjon Kano, inda masu tayi ba su san juna ba. A zaurenmu babu wanda bai taɓa durƙusa wa dattijon nan ba. Ya sasanta rigimar gonar wannan, ya karɓo wa wancan aure. Wa zai buɗe baki ya ɗora a kan maganarsa, a gaban jama'a, a kan kayan surukinsa?

Washegari manomin nan na Zandam ya kira ni. Ya ce, "Malam, wallahi ina son injin nan, kuma zan biya kuɗinsa na gaskiya. Amma Baba ne ya raɗa mini suna. In na ɗora a kansa, da wane ido zan shiga Sara? Ka sayar mini a gefe, ka ce wa jama'a ka fasa."

Na ce masa, "Ka ji ƙa'idar da na faɗa?"

"Na ji."

"To ba ta canja ba."

Maiɗakina tana jin mu. Da na kashe waya ta ce, "Bari in kira Inna in ji me Baba zai yi da injin ban ruwa, mutumin da rabonsa da fadama tun ina goye."

Na ce a'a. Na hana bin bayan gida ga bare, ba zan buɗe shi ga dangi ba. Ta dube ni, ta dubi rufin ɗakinta, ta ce, "To bari in wanke bahona tun da wuri." Dariya take yi, amma ni ban ga abin dariya ba. Ƙanena kuwa da na gaya masa, cewa ya yi, "Yaya, ai ba ka ce mini da surukai a kasuwar ba."

Juma'a ta zo, aka idar da la'asar, ba wanda ya ƙara ko kwabo. Na sanar a zauren cewa an rufe, inji na Baba ne. Da safe na sa kaya masu kyau, na ɗaure injin da mesarsa a bayan motar wani tsohon abokin aikina, ni da maiɗakina muka kama hanyar Gwaram zuwa Sara. Sama ta yi nauyi ta gabas, ina ganin hadari ina kawar da kai.

A ƙofar gidan na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a gefen tabarma, kaina a ƙasa. Muka gaisa, muka sake gaisawa, muka tambayi gida da gajiya da zafi. Sai na ce, "Baba, ga injin an kawo."

Ya ce, "Madalla. Madalla." Ya dubi injin kamar an kawo masa baƙon da ba shi da wurin saukarsa. Ya sake cewa, "Madalla." Ya ja carbi. Ni ba zan ce masa kawo kuɗi ba. Shi ba zai ce wa mijin 'yarsa ba shi da su ba. Muka zauna, kaji suna kiwo a tsakaninmu.

Inna, surukata, ita ta fito daga cikin gida da kwanon fura, 'yarta na biye da ita tana danne dariya da mayafi. Inna ta dire kwanon, ta dubi Baba ta ce, "Malam, gaya masa mana. Ko ni in faɗa?"

Baba ya ce, "Ke dai shiga ciki."

"Ba inda za ni. Ɗana, tun da ya yi tayin nan bai ci tuwon kirki ba. Ba inji yake so ba. Gani ya yi ana taya maka kaya da arha, ya ce bari ya tura kuɗin sama kamar yadda suke yi wa juna a kasuwar shanu, yara su ɗora a kai. Sai yara suka bar shi tsaye shi kaɗai. Kullum waya na hannunsa, yana cewa ba wanda ya ƙara? Ba wanda ya ƙara?"

Baba ya gyara zama ya ce, "Yaran yanzu ne ba su da zuciyar ciniki. A zamaninmu ko ubanka ne ya taya saniya, kana ɗorawa."

Inna ta ce, "A zamaninku wa ya taɓa ɗorawa a kan naka uban?"

Baba ya koma jan carbinsa. Ni dai kaina na ƙasa, kafaɗuna ne suka ƙi tsayawa wuri ɗaya don dariya.

Da aka natsu Baba ya ce to a mayar da gwanjon, ya janye. Na ce, "Baba, a gafarce ni, an riga an rufe a gaban jama'a. Inji naka ne." Ya dube ni, na ga alamar abin ya yi masa daɗi ta wani gefen. Sai ya ce, "To tunda nawa ne, ina da ikon sayarwa?" Na ce ƙwarai.

Ya miƙa wa 'yarsa wayar ya ce, "Ke, yaya kuke yi a cinikinku?"

Ta ce, "Kuɗi ɗaya ake faɗa, Baba, a ce ba ragi."

Ya tambaye ni abin da kafinta ya ce kwano zai ci, na faɗa masa, ya ɗan ɗora wani abu a kai don ƙusa. Ta danna masa, ya yi gyaran murya, ya gaida jama'a, ya ce yana da injin ban ruwa na sayarwa, ga kuɗinsa, kuma wanda ke da niyyar cewa a rage masa ya bari sai ya yi furfura.

Ba mu gama shan furar ba muka ji ƙarar babur. Manomin Zandam ne, ko hula bai tsaya sawa ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya biya ba tare da ya nemi ragi ba. Baba bai ko buɗe ƙullin kuɗin ba, ya turo mini shi ta kan tabarma ya ce, "A je a rufe wa yarinyar nan ɗaki." Na cire la'ada daidai yadda ake ba dillali, na ajiye a gefen tabarmarsa, domin aiki ya yi kuma ƙa'ida ce. Ya ce ba zai karɓa ba. Inna ta sunkuya ta ɗauke ta ce ita za ta karɓa, tunda ita ta sha jinyar dillalin.

Ba mu tsaya cin abincin rana ba. Daga tasha kai tsaye shagon kwano na wuce, na kira kafinta tun ina hanya na ce ya kawo tsaninsa da sassafe.