Ranar da Jaket Ɗina Ya Watsa Gari

Akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba, tun ina malamin gona a Faskari. Ku sababbin shiga, aikinmu a lokacin bin ƙauyuka ne a babur muna koyar da manoma. Sammako ake yi, kuma iskar safiyar damina takan daki ƙirji ta bar mutum da tari. Rigar sanyi mai kauri kuwa, kafin hantsi ta jiƙa ka da gumi.

Sai na je wajen masu gwanjo a kasuwar Ƙanƙara neman jaket mara nauyi. Na ja zif, na hura yadin in ji ko iska na wucewa, na naɗe shi na ga ya shige jaka. Ina ta yabon kaina, wai na iya sayayya. Komai na duba ban da kala. Kore ne mai duhu, irin na masu ɗamara.

A makon nan tsutsa ta faɗa wa masara a wani ƙauye bayan Tafoki. Shugaban sashenmu ya ce in je in nuna musu yadda ake feshi, don in aka ƙara kwana uku gonakin sun tafi. Na zura jaket, na ja hularsa na rufe kai.

Ina shiga gari mata suka zubar da bokitai a bakin rijiya, maza suka faɗa cikin dawa. Na tsaya ni kaɗai ina ta rafka sallama. Can sai Baba Ɗanjuma, dattijon da nake sauka gidansa, ya leƙo ta kan danga.

"Malam, ashe kai ne? Mi ya kai ka sa wannan riga? Mu nan hwa, in mun hangi babur da rufaffen kai, ba mu tsayawa tambaya."

Kunya ta rufe ni. Har la'asar rabin mutane ba su dawo ba, ranar ta tafi a banza. Na koma kasuwa na canzo wani jaket ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido, washegari muka yi feshi. Masarar ta tsira da ƙyar. Daga ranar, tun daga kan tudu ake gane ni, kafin in kashe babur an shimfiɗa tabarma. A nan na koyi cewa mutanen da tsoro ya taɓa, sai sun natsu da ganinka sannan su saurari iliminka.

Yanzu garin ya tashi saboda 'yan bindiga, gonakin sun zama daji, ni ma na yi ritaya. Wallahi ina kewar hanyar nan. Kwanaki na gamu da Baba Ɗanjuma a Faskari, inda yake zaman gudun hijira. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Malam," ya ce, "da za mu koma gida, ko da koriyar rigar ka zo, ba mai gudu."