Likkafar da Ƙanena Ya Tono

Shekara goma sha ɗaya na yi ina bin gindin tsohuwar ganuwar garinmu da 'yar fartanya da rariya. Duk Asabar sai in hau babur daga Takur in nufi ƙauye, in yi ta tono a inda kakanmu ya ce mahara sun sha kashi a zamanin kakansa. Abin da na tara duka bai cika gwangwanin madara ba: kan kibiya bakwai, da wani guntun ƙarfe da har yau ban san ko na mashi ne ko na lauje ba. Burina in samu abin da zai nuna mahayan doki sun fafata a wurin, don mutanen gari cewa suke tatsuniya ce, ni kuma malamin makaranta ne da ya rasa aikin yi.

Ƙanena kuwa ko a jikinsa. Magini ne, tarihi bai taɓa hana shi barci ba. Wata bazara kududdufin bayan ganuwa ya ja baya, sai ƙanen nawa ya shiga haƙar ƙasar da zai gyara katangar gidansa. Ina zaune a zaure sai ga shi, ƙafa duk taɓo, da wani abu a naɗe cikin tsumma.

"Yaya, dubi abin da diga ta ci karo da shi."

Likkafa ce. Ta tagulla, mai faɗi, irin wadda mahayi ke zura ƙafarsa gaba ɗaya, da zane a gefe, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ni da na cinye gwiwoyina a ƙasar nan, sai wanda ya je neman laka? Haba! Nan take na hango shi a ƙofar masallaci an kewaye shi, ana cewa ai ƙanen ne ya samo, Malam dai yawo yake yi. Kishi ne ya kama ni, ba wani abu ba.

Sai na ɗaure fuska na ce masa kayan yaƙi ba sa fitowa sumul haka. Wannan binne ta aka yi da gangan, a daidai inda yake ɗibar ƙasar gidansa, kuma kowa ya san abin da ake binne ƙarfe dominsa. A lokacin 'yarsa ta fi wata tana fama da zazzaɓi. Na sani sarai, da sanin ma na yi maganar. Fuskarsa ta sauya.

A wurinmu in an tono sammu, ruwa ake jefa shi ya karye. Lissafina shi ne zai mayar da ita ragowar ruwan kududdufin, wanda bai kai gwiwa ba, in bar sati guda in je in lalubo ta, ta zama tawa. Na ce, "Maza jefa ta ruwa, kada ta kwana a gidanka."

Ya fita da sauri. Bayan la'asar ya dawo yana murmushi. Ya ce ya ga kududdufin ya kusa ƙafewa, wani zai iya tsinto ta, shi ya sa ya kai ta tsohuwar rijiyar bayan gari. Har tsayawa ya yi sai da ya ji faɗuwarta. Rijiyar nan bakinta zaftarewa yake, ba mai shigarta, kuma kafin damina ta biyu aka cike ta saboda awaki na faɗawa.

Yarinyar ta warke bayan an kai ta asibiti, yanzu tana sakandare. Mutanen gari har gobe tatsuniya suke cewa, kuma ƙanena, mutum ɗaya da zai shaida ya ga likkafar, ba ya yarda a ambace ta. Duk Sallah sai ya kama hannuna da hannu biyu a gaban jama'a ya ce, "Ba don Yaya ba, da na ajiye masifa a ɗakina." Ni kuma in ce masa ba komai.